Kowa Ya Ci Ladan Kuturu, Sai Ya Yi Masa Aski

Jama'a, yau da kaina zan fara, domin an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara 6 ke nan ina aiki a wata ƙungiya mai taimakon naƙasassu su zauna da kansu, su ci gashin kansu. Tuwon da iyalina suke ci daga kuɗin da aka tara da sunan gurgu da makaho da kurma yake fitowa. Saboda haka ba ni da ikon yin shiru.

Ban daɗe da kama aiki ba aka aike ni wata unguwa in kai wa wata baiwar Allah keken ɗinki. Shan-inna ya shanye mata ƙafafu tun tana yarinya. Mun zauna a ofis, mu lafiyayyu, mun yanke cewa kowace mace ɗinki za a koya mata. Na isa da murna, na sa yara suka sauke keke a tsakar gida. Ta dubi keken, ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, da wace ƙafar zan taka shi?" Ashe keken na ƙafa ne! Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Sa'an nan ta ce, "Wa ma ya gaya muku ɗinki nake so? Ni tun ina budurwa ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi. Jari ne ya karye. In kuna son taimakona, ku ba ni bashin buhun gyaɗa, ku kuma sa mini katako a kan kwatar ƙofar gidan nan, don in riƙa fita da kekena ba sai an ɗauke ni ba." Na ce, "To, Iya." Katakon nan da buhun gyaɗar nan ba su kai kuɗin keken ɗinkin ba. Bashin kuwa ta biya shi tsaf.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da muke nufi ke nan idan mun ce naƙasasshe ya ci gashin kansa. Waɗansu sukan yi mana dariya su ce, yaya makaho zai zauna da kansa alhali sai an ja shi? To, ku dubi babban attajirin garinku. Shi yake tuƙa motarsa? Shi yake dafa abincinsa, ko wanke rigarsa? Yana da direba da kuku da yaran gida, kuma ba wanda ya taɓa kiransa abin tausayi, domin shi ne mai cewa a tafi, shi ne mai cewa a tsaya. Kowa da mai taimakonsa a duniyar nan. Maganar ita ce, wa yake ba da umurni? Makahon da ya ce wa ɗan jagora "kai ni kasuwa" ɗa ne. Wanda aka ja shi aka ajiye a bakin masallaci tun safe, aka zo da magariba aka juye ƙoƙonsa, wannan bawa ne, ko da kuwa ɗan'uwansa ne ya ajiye shi.

Kada ku zaci mafarki nake. A Amurka an yi wani mutum, Ed Roberts, wanda shan-inna ya kama a 1953 yana da shekara 14, ya shanye masa kusan dukan jiki, har barci sai cikin wata injin ƙarfe mai taya shi numfashi. Ma'aikatar da ke kula da naƙasassu a jihar Kalifoniya ta ɗauka ba zai iya aikin komai ba. Ya matsa har ya shiga jami'ar Berkeley a 1962. A 1972 shi da 'yan'uwansa naƙasassu suka buɗe cibiyar da su da kansu suke tafiyar da ita, suna neman wa juna gida da mai taimako da mai gyaran keke. Daga baya gwamnan jihar ya naɗa shi shugaban ma'aikatar nan da ta raina shi. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa a kan Madina in zai fita. A Kano kuwa ku je ku ga guragu suna walda, suna ƙera keken guragu mai ƙafa uku da hannunsu suna sayarwa.

Yanzu bari mu juya wajen masu mulki. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2010. Sai a Janairun 2019 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Dokar nan ta ce kamfanin da ya wulaƙanta naƙasasshe zai biya tarar Naira 1,000,000, mutum ɗaya kuwa Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai shiga. A 2020 aka kafa hukuma ta musamman dominsu. Wa'adin nan ya cika a Janairun 2024.

To, ina tambayarku, ku da kuke yawo cikin gari kullum: ofisoshi nawa kuka ga an gyara? Ni dai na raka wani saurayi mai takardar shaidar karatu wani ofis neman aiki. Matakala 14 na ƙirga. Mu biyu muka ɗauke shi kamar buhun gero, mutane suna kallo, yana sunkuyar da kai. Da muka isa sama, akawun bai ko dubi takardarsa ba, ya sa hannu a aljihu ya miƙa masa kuɗi ya ce, "Allah Ya ba da haƙuri, yau ba a raba komai." Yaron nan bai ce uffan ba sai da muka sauko. Sun daina cewa gurgu, yanzu "masu buƙata ta musamman" suke cewa a rediyo. Suna ya sake, matakala tana nan inda take.

Amma in an zo kama mabarata, nan ne za ka ga ƙwazon hukuma. A 2015 gwamnatin Kaduna ta hana bara a titi. A 2024 ministan Abuja ya ce a share su daga birnin. Motoci sun samu, man fetur ya samu, ma'aikata sun fito da sassafe. Ni ba na kare bara, na san irin ƙasƙancin da ke cikinta fiye da mai zama a ofis. Amma wanda ka rufe wa makaranta, ka rufe wa ofis, ka rufe wa mota, sa'an nan ka zo ka kama shi don ya tsaya a titi, ai an bar jaki ana dukan taiki. Da zaɓe ya ƙarato kuma sai ka ga an jera kekuna a fili, an kira masu ɗaukar hoto, an manna hoton ɗan takara a bayan kowane keke. Ba a auna kowa ba. Babba ya sami na yaro, mai zama a unguwar yashi ya sami na cikin asibiti. Wata 3 taya ta fashe, babu mai gyara, keke ya zama mazaunin kaji.

Mu ma'aikatan ƙungiyoyi ba mu fita ba. Na halarci taro a babban otal a kan 'yancin naƙasassu, aka ci kaji aka karɓi kuɗin zama, ɗakin taron kuwa a bene yake, kuma ba a ɗauko mai fassara wa kurame da hannu ba. Duk ƙungiyar da ba naƙasasshe ko ɗaya a cikin masu riƙe da kuɗinta, ku tambaye ta dalili kafin ku ba ta ko kwabo. Har tamu.

Saura ku, 'yan'uwana 'yan kasuwa. Na san hannunku a buɗe yake, kowace Jumma'a canji yana fita daga aljihunku, Allah Ya saka. Amma gurgun nan da kake ba sadaka shekara 10, ka taɓa tambayarsa sunansa? Ka taɓa tambayarsa abin da ya iya? Lissafi da kai ake yi, ciniki da baki, awo da hannu. Wanda yake zaune a rumfa tun safe har la'asar, me ya yi da ƙafarsa? Ku ɗauki ɗaya a shago kamar yadda kuke ɗaukar ɗan maƙwabci, in ya yi daidai ku sallame shi da jari, in ya yi ha'inci ku kore shi kamar kowa. Ku sa su cikin adashe. Ku ba su kaya bashi. Kurma yana iya ɗinki da aski da gyaran waya, makaho yana iya riƙe rumfar hatsi in yana da yaro amintacce.

Ranar Alhamis mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu je wurin Sarkin Kasuwa da roƙo biyu: a sa katako a kan kwatocin da ke mashigar layuka, a kuma ware rumfuna a bakin ƙofa ga masu keke, su biya haya kamar kowa. Iyan nan mai ƙuli-ƙuli ita za ta yi magana, ni jakarta kawai zan riƙe. Wanda yake da katakon da ba ya amfani da shi, ya taho da shi.