Zuwa ga Marubutan Fim Mai Dogon Zango: Ku Nemi Blake's 7 Ku Kalla



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da na gaji da jinta a bakinku duk lokacin da aka zauna hira: "Ai da da kuɗi, da kun ga aiki." Ban ƙaryata ku ba, na san aljihu ya yi sanyi. Amma bari in ba ku labarin wani tsohon shiri da aka yi shi cikin irin wannan ƙuncin.

Ranar 2 ga Janairun 1978 tashar BBC1 ta fara nuna Blake's 7, kwanaki kaɗan bayan Star Wars ya shiga gidajen sinima a Landan da dukiyar Amurka a bayansa. Su kuwa 'yan BBC, kasafin wani wasan 'yan sanda da suka maye gurbinsa aka miƙa musu aka ce su je su yi yaƙin taurari. Duniyoyin da suka ce suna can ƙarshen sama, da yawansu ramukan fasa dutse ne a Ingila. Duk da haka wajen mutum miliyan 10 kan zauna kallo, har aka yi kashi 52 a zango huɗu.

Me ya riƙe su? Mutanen da ke cikin labarin.

Terry Nation, wanda ya ƙirƙiro dodannin Dalek na Doctor Who a 1963, shi kaɗai ya rubuta kashi 13 na zangon farko. Ya kawo wata azzalumar Tarayya mai zuba wa talakawa ƙwaya a abinci da ruwa don kada su ɗaga kai. Roj Blake ɗan tawaye ne da aka goge wa tunani, aka ƙulla masa sharri, aka tura shi gidan kaso a wata duniya. A hanya ya tsere da wani jirgi da babu kamarsa, Liberator. To dubi abokan tafiyarsa: Vila ɓarawo ne kuma matsoraci, Jenna 'yar fasa-ƙwauri, Avon kuwa gwanin kwamfuta da aka kama yana ƙoƙarin yashe banki. Babu malamin kirki ko ɗaya a cikinsu, kuma ba su bi Blake don Allah ba.

A nan nake son ku tsaya. Avon, wanda Paul Darrow ya taka rawarsa, bai taɓa yarda da jihadin Blake ba. Kullum yana gefe yana yi masa gatse, kuma abin haushin, sau da yawa shi ke da gaskiya. Blake ya ja su zuwa wannan Duniya tamu don rusa cibiyar mulkin Tarayya, suka kutsa da ƙyar, suka tarar da ɗaki fayau, babu komai. A wajen fita ɗaya daga cikinsu, Gan, ya mutu, kuma bai dawo a kashi na gaba da bandeji a ka ba. Daga baya Blake ya gano ainihin cibiyar, Star One, wadda ke sarrafa yanayin duniyoyi masu yawa. Rusa ta na nufin halakar bayin Allah bila adadin, amma ya ƙi ja da baya. Sai ga mahara daga Andromeda, dole 'yan tawaye suka sanar da abokiyar gabarsu Servalan, suka tsaya suna tare ƙofa har rundunarta ta iso. Yawancin wannan magana ce tsakanin mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya. Nawa za ta ci muku?

Mu kuwa jaruminmu ba ya kuskure, muguwarmu ba ta da hujja, idan labari ya cushe sai a kawo haɗarin mota. Ku nemi irin Chris Boucher, mai tace rubutun shirin, wanda zai karanta muku shafi ya ce wannan layin ba ya cizo, a sake.

Kada ku kwashi kurakuransu dai. Jenna da abokiyar tafiyarta Cally sun fara da ƙarfi, amma a hankali aka riƙa barinsu a jirgi suna danna maɓalli, maza na can suna fama. Wannan cutar mun riga mun ƙware a kanta, ba sai an koya mana ba.

Sannan batun ƙarshe, wanda shi ya fi damuna da zangunanku da ba sa ƙarewa sai mai tallafi ya janye. Gareth Thomas, mai fitowa a Blake, ya bar shirin bayan zango na biyu, aka ci gaba da shirin da sunan Blake ba shi. Ranar 21 ga Disambar 1981, saura kwana huɗu Kirsimeti, a kashin ƙarshe, Avon ya sami Blake a duniyar Gauda Prime. Ya ɗauka Blake ya sayar da su, alhali gwaji kawai yake yi wa mutane. Ya harbe shi. Sojojin Tarayya suka shigo, cikin abokan tafiyar Avon Dayna ta riga ta faɗi, sai Vila, sai Soolin, sai Tarrant. Avon ya tsaya a kan gawar Blake, ya ɗaga bindiga, ya yi murmushi. Hoto ya ɗauke, sai ƙarar harbi kawai ake ji sunaye na wucewa.

Wanda ya kalla a cikinku, ya same ni mu yi gardama a kan wannan murmushin.

Naku a kullum,
Wani mai kallo