Jirgin Shata da Haddin Matuƙinsa

Zuwa ga malamai da attajiran Anka, da Gummi, da Bukkuyum. Ga wata magana wadda ta kamata a yi ta tun da sauran lokaci. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki saboda ɓarayin daji, ga shi kuma an soma aikin filin jirgin sama na Gusau a 2024. Saboda haka masu hali za su ƙara karkata ga jirgin shata, watau ƙaramin jirgi ko mai saukar ungulu wanda mutum zai biya a kai shi inda ya nufa. To, lalle ne mai biyan kuɗin ya san abin da ya saya.

Ku sani tuƙin jirgi iri biyu ne. Na fari tuƙin ido, matuƙi yana duban ƙasa da gefen sama, ya san tsayuwar jirginsa da su. Ga ƙa'idar duniya, galibi sai yana iya hangen kilomita 5, watau wajen mil 3, kuma ya nisanci girgije. Na biyu tuƙin na'ura, wanda matuƙi ba ya ganin kome a waje, sai ya dogara ga agogunan da ke gabansa. Wannan yana da shaida tasa dabam, ba a ba da ita sai mutum ya yi aƙalla sa'a 40 yana koyon tuƙi da na'ura, kāna a jarraba shi. Har wa yau manyan jirage da masu saukar ungulu kowane iri da tasa shaidar. Malamai sun san misalin wannan, gama wanda aka ba ijazar Ahalari ba a ba shi ta Muhtasar ba.

Dalilin wannan haddi yana cikin halittar ɗan Adam. Abin da ke gaya wa mutum ya karkata ko yana tsaye, cikin kunnensa yake, ido ne ke gyara masa kuskure. Idan girgije ko hazo ya rufe ido, sai kunne ya ruɗe shi, jirgi yana gangarawa shi kuwa yana jin daidai yake tafiya. Mu nan kuwa muna da hazon hunturu wanda kan rufe gari kwana da kwanaki, muna da hadarin damina mai tasowa farat ɗaya.

An ga abin a aikace. Ran 25 ga Oktoba 2012 marigayi Danbaba Suntai, Gwamnan Taraba, ya tuƙa jirgi samfurin Cessna daga Jalingo, ya faɗi kusa da Yola. Masu bincike suka ce ba shi da shaidar tuƙa wannan irin jirgi, kuma ya ci gaba da tuƙin ido bayan faɗuwar rana. Ran 9 ga Fabrairu 2024 Herbert Wigwe, shugaban kamfanin bankin Access, ya rasu tare da mutum 5 a jirgin shata mai saukar ungulu a Kaliforniya ta Amurka. Hukumar bincike ta can ta ce matuƙin ya shiga yanayin da ba a tuƙa shi da ido, har ya ruɗe.

Amma kada a ɗauka takarda kaɗai ta isa. Mutanen ƙasar nan ba su manta da ran 29 ga Oktoba 2006 ba, sa'ad da jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi yana tashi daga Abuja, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Matuƙan manyan jirage suna da shaidar tuƙin na'ura, amma iskar hadari ba ta duban shaida. Haka kuma sauka da na'ura sai filin da aka shirya dominta. Filin ƙwallo ko na idi a Gummi ko Bukkuyum, kome gwanintar matuƙi, da ido zai sauka a kansa.

Abin tsoro a jirgin shata shi ne mai biya yana zaune bayan matuƙi. Babban mutum ne, ana jiransa wurin ɗaurin aure ko ciniki, matuƙi kuwa yana jin nauyinsa, yana tsoron rasa aikinsa. Da haka kunya kan kai mutane cikin girgije.

Saboda haka wanda zai ɗauki shata ya yi tambaya uku tun bai biya ba. Shin kamfanin yana da izinin hukumar NCAA na ɗaukar mutane da kuɗi? Shin matuƙin da jirgin an yarda musu su shiga girgije? Me hukumar NiMet ta ce game da yanayin ranar? In matuƙi ya ce yau ba a tashi, kada a matsa masa, kada a rage masa lada, gama amanar rayuka ya tsare. Sauri ya haifi nawa. Allah ya kiyashe mu. Haza wasalam.