Rami ba ya yin sallama kafin ya rufta

Jama'a masu karatu, a wannan mako za mu leƙa Bengu, cikin gundumar Gaya, inda ake noman rake da dankalin Hausa a fadama. Ƙasar dallol, wadda ta ba mu gishirin Foga tun kaka da kakanni, rairayi ce, kuma ruwa yana kusa ƙwarai. Abin da ke faranta ran mai lambu shi ne abin da ya kamata ya tsorata mai haƙa: rairayi in ya jiƙe yakan tsaya kamar bango, in ya bushe ko ya ƙoshi da ruwa sai ya zube ba tare da wata alama ba. Ga shi kuwa Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar.

Ba mu manta da Garin Liman ba, a karkarar Ɗan Isa ta jihar Maraɗi. A ranar 7 ga nuwamba 2021 ramukan masu haƙar zinariya suka rufta, ƙidayar farko ta ba da mutum 18 da suka rasu. Wani zai ce ai wannan zancen zinariya ne. To, ramin salga, da rijiyar lambu, da magudanar ruwa ta bakin kasuwa, duk haɗarinsu ɗaya.

Ƙasa mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ta kai nauyin tan ɗaya da rabi. Ba sai ta rufe kan mutum ba: in ta kai ƙirji, duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matse shi, har ya kasa jawo wani. Shi ya sa dokar aiki ta Faransa, tun 1965, ta wajabta tokare bangon ƙunƙuntaccen rami da ya wuce mita 1,30. Mita 1,30 fa, ko ƙirjin namiji bai wuce ba!

Alhazai ƴan kwangila, da ku ma'aikatan da ke sa hannu a takardun aiki, maganar taku ce. Lebura ba shi ke sayen katako ba, ba shi ke yanke ranar gama aiki ba. In an rage kuɗin katakon tokara don a ci kwangila, shi aka rage wa. A sa kuɗin cikin lissafi tun farko. Inda babu katako, a buɗe bakin ramin ya yi gangare. A janye ƙasar da aka fido daga baki, a hana mota ko amalanke raɓarsa, a ajiye tsani, kuma bayan ruwan sama kada kowa ya sauka sai an duba bangon.

In tsautsayi ya auku, kada jama'a su yi ca cikin ramin, domin rushewa ta biyu takan haɗa da masu ceto. A tokare tukuna, a aika a kira ƴan kwana-kwana, a tone da hannu da ƙwarya, a fara buɗe fuska da ƙirji. Diga da motar haƙa kuwa, a nisanta su daga wurin.