Piya-piya a rufin aji: jemage ake kashewa ko ɗalibi?

Duk shekara in an kusa komawa lakwal a watan Oktoba, akwai wani aiki da ake yi a makarantu da yawa na ƙasar Adar wanda ba ya cikin tsarin kowace ma'aikata, wato yaƙi da jemage. Aji ya yi wata uku a kulle. Ana buɗe ƙofa wari ya mari mutum, kashi ya zubo ta tsagar falfon ya rufe tebura da allo. Sai darakta ya kira ƴan COGES, a haɗa ƴan kuɗi, a aiki yaro kasuwa ya sayo piya-piya. Wasu ƙwayar bom ta ajiyar wake suke jefawa cikin rufin. Wasu su cinna wa tsumma da tsohuwar taya wuta su tura hayaƙi. Waɗanda suke ganin sun fi kowa dabara kuwa su kwaɓa laka da rana tsaka su toshe kowace kafa, jemagun na ciki. Bayan kwana biyu a kwashe mushe da kwando, a ce aiki ya yi kyau. Daga Karofane zuwa Buza, daga Keita zuwa Madawa, haka ake yi, a gidajen kwano ma haka.

Ni na ce wannan aiki zalunci ne, ganganci ne da ran yara, kuma asarar kuɗi ce, don ba ya maganin komai.

Kada wani ya ce ban san damuwar ba. Wanda ya taɓa koyar da yara saba'in a ƙarƙashin falfon da ya jiƙe da fitsarin jemage, a zafin watan Afrilu, ba ya bukatar a ba shi labari. Warin yana sa ciwon kai. Busasshen kashin in ya daɗe yana iya ɗaukar wani irin funfuna da ke kama huhun wanda ya shaƙi ƙurarsa, abin da likitoci ke kira histoplasmosis. Cizon jemage kuma ba abin wasa ba ne, don wasunsu na ɗauke da ƙwayar cuta dangin ta haukan kare. Jemage bai dace da zama cikin aji ba, a nan bakinmu ɗaya. Inda muka rabu shi ne yadda za a fitar da shi.

Mu fara da gubar. Abin da ke cikin piya-piya, mai suna DDVP, guba ce mai tashi cikin iska, tana shiga ta numfashi, tana shiga ta fata, tana taɓa jijiyoyi. Shi ne dai ke cikin Sniper. A Najeriya, inda yawancinsa ke fitowa, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna tun 2019, saboda yawan mutanen da ya halaka. Mu kuma a nan ana jera shi a kan tebur kusa da sabulu da ashana. Ƙwayar bom ta fi muni: da ta ji danshi sai ta saki iska mai kisa, an yi ta ne don buhu da rumbun da aka rufe ruf, ba don ɗakin da mutane ke shiga ba. To a ce an zuba wannan a saman falfon mai tsaga ranar Asabar, ranar Litinin an zaunar da yaro ɗan shekara bakwai a ƙasansa, kwano ya ɗau zafi. In yarinya ta yi amai ko ta yanke jiki ta faɗi, sai a ce iska ce ta buge ta, a nemo mai ruƙiyya. Ba wanda zai ɗaga kai ya dubi rufi. Ga mushen da ya faɗo tsakar makaranta, kaji su tsattsaga, kyanwa ta ci, yara su ɗauka suna wasa da hannu. Jemagen da ke maƙale can sama ba ya cizon kowa. Wanda guba ta jefo ƙasa yana shure-shure, shi ne ke cizon yaron da ya taɓa shi.

Da a ce ma abin na aiki, da sai mu yi gardama a kan tsadarsa. Ba ya aiki. Makarantar da ta yi feshi bana ita ce za ta yi baɗi, domin an kashe baƙi an bar ƙofa a buɗe, warin masauki kuma na nan yana kiran wasu. A ƙasar Uganda an gwada wannan da girma. A 2007 cutar Marburg ta kama masu haƙar ma'adini a ramin Kitaka, sai aka toshe ramin aka hallaka dubban jemagun da ke ciki. Bayan ƴan shekaru toshiyar ta lalace, wasu jemagu suka dawo, a 2012 cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. Da masu bincike suka auna sababbin jemagun, sai suka tarar kimanin kashi 13 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar, alhali kafin kisan kimanin kashi 5 ne. Jemagun kogo ne masu cin ƴaƴan itace, ba irin namu na rufi ba, amma darasin bai ɓuya ba: kisa bai kore su ba, bai kuma rage cutar ba.

Wanda ya kamata a tuhuma yana nan yana yawo da mota. Ƙaramin jemagen rufi ramin da ɗan yatsa zai shiga ya ishe shi. Je ka tsaya a bayan kowane aji na siminti da aka gina da kuɗin gwamnati ko na wata ƙungiya, ka dubi inda kwano ya haɗu da bango. Kowane lanƙwasar kwano ƙofa ce. Ramukan shan iska da aka bari a saman bango, waɗanda ya kamata a sa wa ragar waya, ko dai ba a sa ba, ko an sa wadda ta ruɓe a damina ɗaya. Ɗan kwangila ya ci kuɗin ragar, wanda aka turo karɓar gini ya zagaya sau ɗaya ya sa hannu, aka yanka rago aka watse. Kakanninmu da suka yi soro da azara ba su bar wani ɗaki mai duhu da ɗumi tsakanin rufi biyu ba. Mu muka kawo falfon, muka gina wa jemage masauki, muka bar masa ƙofa, sa'an nan muke jin haushin ya amsa gayyata.

Kuma wa muke kashewa? Mu Hausawa mun tara wa jemage sharri: ba tsuntsu ba dabba, yana kwana kai ƙasa, wai ta baki yake kashi. Ƙarya ce, dabba ne mai haihuwa yana shayarwa kamar akuya, yawanci ɗa ɗaya tak a haihuwa. Na rufin nan ƙwari kaɗai yake ci, mai shayarwa kuwa takan ci fiye da rabin nauyin jikinta a dare guda. Ana yawan cewa yana cinye sauro. Yana ci, amma kada wani ya jefar da gidan sauronsa saboda haka. Babban aikinsa a gona yake. Murzunar da ke huda zangarniyar hatsi ta bar manomi da sosai, uwarta wata ƴar malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare, lokacin da tsuntsu ke barci. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan gonakin hatsi na Senegal ya nuna tsuntsaye da jemagu na cin wannan ƙwaro, kuma inda aka kare zangarniya da raga aka hana su isa, ɓarnar ta ƙaru. Ma'aikatan INRAN a Maraɗi sun yi shekaru suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro suna rarraba wa ƙauyuka cikin ƴan buhuna don yaƙar murzuna. Ga mai taya su aikin kyauta, mu kuma muna bin sa da guba. A Amurka, masana sun ƙiyasta a 2011 cewa aikin da jemagu ke yi wa manoma bai gaza dala biliyan 3.7 a shekara ba. Mu da ba mu da kuɗin maganin feshi ne ya kamata mu fi su sanin darajarsa. Babban jemage na itace ma da ke damun masu mangwaro, shi ke warwatsa irin itatuwa. A ƙasar da aka sha wahalar dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tun 1975, aka kuma yi aikin Keita tun 1984 mata na ɗaukar duwatsu a ka, bai kamata a raina mai shuka da dare ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun malamanmu na zaure. Risala, wadda ba garin da ba a karanta ta, ta yi maganar nan a babukanta na ƙarshe: ta karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, ta ce tururuwa ma in ba a kashe ta ba ya fi, ta kawo cewa macijin da ya bayyana a gida a Madina ana yi masa gargaɗi sau uku, in an yi haka a wani gari ma ya yi kyau. Kowa kuma ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. To mene ne bambancinta da wanda ya liƙe rami da laka a kan uwaye da jarirai ɗari biyu, yunwa da zafin kwano su gama da su? In ƙuma ba a so a ƙona ta, ina hujjar taya da fetur?

Hanyar da ke aiki ba ta kai kuɗin feshi biyu ba, haƙuri kawai take so. A sa manyan ɗalibai su zagaye ginin da magariba kwana biyu ko uku, su ga ta ina jemagun ke fita, su sa alama da alli. Wannan kansa darasin kimiyya ne da ya fi na cikin littafi. Da rana a toshe duk sauran kafofin da siminti ko ragar waya, a bar manyan ƙofofin biyu ko uku. A kan waɗannan sai a rataya yankin tsohon gidan sauro, a kafe sama da gefuna, a bar ƙasa a sake ya zarce ramin da kamu biyu. Jemage zai sulalo ta ƙasa ya fita, in ya dawo ba ya gane hanyar. Guntun bututun roba da aka karkata ƙasa shi ma yana yi, don santsi ba ya barinsa ya hau. Bayan mako guda, in magariba ta yi ba a ga mai fita ba, a cire a liƙe. Kashin kuma a yayyafa masa ruwa kafin a share, mai shara ya rufe hanci da baki, kuma babba ne zai yi, ba ɗalibi ba. A kai shi gonar makaranta, taki ne mai ƙarfi, masu albasa sun sani.

Lokaci shi ne gishirin aikin. Da damina suke haihuwa, sa'ad da ƙwari suka yawaita, jariran kuma ba sa tashi. In aka fitar da uwaye a lokacin, ƴaƴan za su mutu a ciki su ruɓe, wari ya ninka. Saboda haka Satumba da farkon Oktoba, lokacin da muka saba yi, shi ne mafi munin zaɓi. Hutun ƙarshen Disamba ya fi.

Sauran baƙin gida ma haka lissafin yake. Mujiya da ake jifa ana cewa tsuntsuwar mayu ce, ɓera take ci dare duka, wanda ya kashe ta ya yi wa ɓerayen rumbunsa hidima. Maciji ba soyayya ke kawo shi gida ba, ɓera yake bi, sai tarin itace da kara da aka jingina da bango. Ban ce in kububuwa ta shiga ɗakin yara a tsaya yi mata wa'azi ba, rai ya fi. Amma wanda ya toshe ramukan bango, ya nisanta kara daga ɗakin kwana, ya rufe hatsinsa, da wuya ya kai ga ɗaukar sanda. Zuma in ta sauka a rufi akwai masu sana'arta a kowane gari. Abin da ya fi ƙarfin mutum kuma akwai ma'aikatan gandun daji, waɗanda dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998 ta ɗora wa wannan nauyi.

Ga magadan gari da masu duba makarantu na Buza, Keita da Madawa, bukata biyu ce. A rubuta wa daraktoci takarda cewa ba a yarda a zuba piya-piya ko ƙwayar bom a cikin ginin makaranta ba, ko da hutu ne. Kuma daga yanzu duk ajin da za a karɓa daga hannun ɗan kwangila, a sa tsani a hau a duba bakin kwano da ramukan iska, in yatsa ya shiga kada a sa hannu, kada a biya sauran kuɗin. Ƴan COGES kuwa, kuɗin da kuka ware na maganin jemage na bana ku riƙe shi zuwa Disamba, ku sayi ragar waya da rabin buhun siminti.