Ƙafa Tana Gajiya, Suna Shi Ke Saura

Kwanan baya, bayan sallar la'asar, na tsaya kallon yara suna taka leda a wani filin makaranta a nan Kazaure. Wanda ke horar da su tsohon ɗalibina ne, wanda a zamaninsa ake zuwa kallonsa daga Roni da Gwiwa. Yau gwiwa ta hana shi gudu, sai usur a wuya da tsofaffin ƙwallaye guda biyu. Da muka gaisa, sai ya ce mini: "Malam, ƙafa ta ƙare, ga yara sun taru a hannuna, amma ni ban san komai ba sai abin da na gani ana yi." Wannan magana tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan mako.

Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajeriya ce. Wanda ya yi sa'a ya kai shekara talatin da biyar yana bugawa, daga nan sai jiki ya ce ya isa. Abin da ke biyo baya ya fi tsawo, kuma shi ne ba mu cika shirya wa ba. Hanyar da ta fi kusa da tsohon ɗan wasa ita ce horarwa, to amma wannan sana'a ce ta daban, kuma tana tsaye ne a kan abu biyu: ilimi da amana.

Mu duba wani namu, Salisu Yusuf, haifaffen Zariya. Ya yi wasa a tsakiyar fili a ƙungiyoyi irin su Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Bai yi tashe a Turai ba kamar su Tijjani Babangida ko Garba Lawal, amma da ya koma gefen fili sai tauraronsa ya haska. Yana cikin masu horarwar da Kano Pillars ta ci kofin gasar ƙasa na farko a hannunsu a 2008. A 2013 ya ci kofin ƙalubale da Enyimba ta Aba, abin da ya nuna cewa ɗan Arewa zai iya zuwa ko'ina a ƙasar nan a sara masa saboda aikinsa. A 2016 ya zama babban koci a Super Eagles tare da Gernot Rohr, sannan a farkon 2018 ya kai 'yan wasanmu na gida wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko, inda masu masaukin baƙi suka doke mu da ci huɗu ba ko ɗaya. Duk wannan bai samu a dare ɗaya ba. Shekaru ya yi yana mataimaki a ƙarƙashin wasu, yana koyo, kafin a damƙa masa ragama.

Sai kuma ɗaya gefen labarin. A watan Yuli na 2018, BBC ta nuna wani bidiyo na ɗan jaridar Ghana, Anas Aremeyaw Anas, inda aka ga kocin yana karɓar dala dubu ɗaya daga wasu da suka yi shigar dillalan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, kuma ba ta shafi zaɓen 'yan wasansa ba. Duk da haka Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya ta dakatar da shi na shekara guda, ta kuma ci shi tarar dala dubu biyar. Ya cika wa'adinsa, ya dawo bakin aiki, kuma ba don in tona tsohon miki na kawo zancen ba. Na kawo shi ne domin mu ga yadda kuɗi kaɗan ke iya shafa wa aikin shekaru masu yawa baƙin jini. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

A can ƙasar Austriya an yi wani mutum, Ernst Happel. Ya yi wa Rapid Vienna tsaron baya, yana kuma cikin tawagar ƙasarsa da ta zo ta uku a gasar kofin duniya ta 1954. Da ya zama koci, ya ci kofin zakarun Turai da Feyenoord a 1970, ya sake ci da Hamburg a 1983, ya kuma kai Holan wasan ƙarshe na kofin duniya a 1978. Da ya rasu a 1992, sai aka sa wa babban filin wasa na birnin Vienna sunansa. Yau ba kowa ne zai tuna yadda yake buga ƙwallo ba. Abin da ya gina bayan ƙafa ta gaji shi ne ya rayar da sunansa.

To, mu dawo gida. A Kazaure da 'Yankwashi da Roni da Gwiwa, kusan kowace unguwa tana da ƙungiya, kuma kowace ƙungiya tana da kocinta. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu yakan ji maganar kocinsa fiye da ta malamin ajinsu, wani lokaci ma fiye da ta mahaifinsa. Idan kocin bai san yadda ake kula da wanda ya yi targaɗe ba, zai iya nakasa yaro da hannunsa. Idan kuwa mai karɓar na goro ne kafin ya sa yaro a wasa, ko mai rage shekaru a takarda, to ya koya wa yaran nan cewa haka duniya take tafiya. Na san gidan da aka sayar da tumaki aka ba wani dillali kuɗin kai yaro gwaji a ƙasar waje. Har yau ba gwajin, ba kuɗin.

Ilimin horarwa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas, akwai kuma lasisin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka mai matakai, daga na ƙasa har zuwa na sama. Abin da ya gagari irin su ɗalibina shi ne kuɗin mota da na rajista. Ina kira ga ƙananan hukumomin nan huɗu na masarautarmu, da masu hali da ke sa kofi a lokacin siyasa, da su ware ko da rabin kuɗin kofi ɗaya su tura matasa biyu ko uku kwas a kowace shekara. Kofi yakan ƙare a rana ɗaya, amma koci mai ilimi zai yi shekara ashirin yana tarbiyyar 'ya'yanmu.

Su kuma masu usur a wuya, su sani amana ce iyaye suka ba su. Na gaya wa ɗalibina haka a ranar, na kuma yi masa alkawarin taya shi neman hanyar zuwa kwas. Allah Ya ba mu ikon cikawa. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.