Man Kaɗanya A Hanci: Aikin Da Ke Jiran Alƙalumanmu



Duk wanda ya tashi a cikin badala, ko a Yakasai ne ko Mandawari ko Jakara, ya san abin da hunturu ke zuwa da shi: hazo, bushewar hanci, haɓo, sai mura ta kama gida kaf. Mun kuma san maganin da iyayenmu ke fara ɗaukowa. A lakato man kaɗanya ko man shanu a shafa a hanci, a dafa citta da kanumfari, a lulluɓa da zane a yi sirace. Yanzu man zaitun da man habbatussauda sun shigo sahu, daga Kasuwar Kurmi har shagunan Islamic kemis.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. A Indiya, masu maganin gargajiya na Ayurveda suna ɗiga mai a hanci, galibi man riɗi da aka dafa da tsirrai, suna kiran aikin nasya. Inda suka sha gabanmu shi ne sun rubuta. Littafin Ashtanga Hridaya na Vagbhata, wanda ya haura shekara 1,000, ya faɗi yawan ɗigo da lokacin yi, ya kuma lissafa waɗanda ba a yi wa nasya mai ƙarfi: yaron da bai kai shekara 7 ba, tsohon da ya wuce 80, wanda ya gama cin abinci, har da wanda mura ba ta daɗe da kama shi ba. A 2014 gwamnatinsu ta kafa ma'aikata guda, AYUSH, don irin waɗannan magunguna.

Mu namu ilimin yana bakin tsofaffi, ungozoma da wanzamai. Idan kuma muka zo rubuta shi, a littafi ko a Facebook, sai mu ɓige da kirari: "sadidan", "sha yanzu magani yanzu". Ba awo, ba shekaru, ba gargaɗi.

Man kaɗanya ba abin rainawa ba ne. A 1979 wani masani a Jami'ar Legas, A. Tella, ya gwada shafa shi a hancin masu toshewar hanci, ya buga sakamakon a wata mujallar likitanci ta Birtaniya, inda ya nuna ya buɗe musu hanci. Sai dai mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma shafawa aka yi, ba ɗurawa ba.

Bambancin shafawa da ɗurawa shi ne inda rai yake. Mai ba ya tayar da tari yadda ruwa ke yi idan ya kuskure hanya. Idan aka kwantar da jariri aka tsiyaya masa a hanci, man kan silale ya gangara huhu, huhu kuwa ba ya iya fitar da shi cikin sauƙi. Sai ya taru ya haddasa wata irin nimoniya. Likitoci a Saudiyya da Indiya sun rubuta labarin yaran da suka kamu da ita bayan an riƙa ɗura musu man shanu ko wani mai a hanci. Uwar da ta yi haka ba mugunta ta yi ba, abin da ta gada ta yi. Wataƙila ma a rubutun ɗayanmu ta karanta.

Wani zai ce, mu marubutan adabi ne, ina ruwanmu da aikin likita? Amsar ita ce matan aure da 'yan mata su ne manyan masu karanta mu, kuma abin da jarumar labari ta yi wa ɗanta, mai karatu na iya kwaikwayo a daren nan.

Don haka ga shawara. Mu je mu zauna da kakanninmu da masu magani a Kurmi, mu tambaye su sunan abu, yawansa, wa ake ba, wa ake hanawa. Mu kai abin da muka ji gaban ma'aikacin lafiya kafin mu wallafa. Mu rubuta a fili cewa mura kan wuce da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, cewa babba na iya shafa ɗan mai a bakin hanci don bushewa, amma jariri ba a ɗura masa mai. Nono da ɗigon ruwan gishiri na kemis sun fi masa. Idan numfashinsa ya yi sauri, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, a nufi asibiti, ga na yara na Hasiya Bayero nan cikin gari.

Gadon nan namu ne. Idan ba mu rubuta shi da awonsa ba, masu talla da lasifika a bakin kasuwa za su ci gaba da faɗar abin da suka ga dama.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.