Masu bidiyon buki, ku bar aza ma inji laifinku



Yau da masu ɗaukar bidiyon buki nike, musamman waɗanda sunka sayi sandar nan mai inji da ake ce ma gimbal, suna ratsa gidan amre da ita kamar masu riƙe da takobin sarki. Saboda ita sunka ƙara kuɗin aiki. To, madalla. Amma sai a kawo maka bidiyon amren ɗiyarka ka tarar hoto na makyarkyata kamar bisa kabu-kabu aka ɗauke shi. Ka yi magana, a ce maka injin jabu ne, ko zafin Konni ne. Wallahi ba haka ba ne. Ba a daidaita kamarar ba.

Sandar nan ƙananan injina uku gare ta: ɗaya na hana kamara duƙawa gaba ko baya, ɗaya na hana ta karkata gefe, na uku na kula da juyawa hagu da dama. Aikinsu gyara motsin hannu, ba dakon kaya ba. Duk wanda ya taɓa aza ma jaki mangala ya san in gefe guda ya rinjaya, jakin zai tafi, amma a wahale. Shi ya sa ake daidaita kamara tun inji na kashe: a sa batir, a sa kati, a cire murfin gilashi, a yi ta matsa ta kaɗan-kaɗan har ta tsaya da kanta duk inda aka sake ta.

Ga inda ake ɓata aikin. Ƙaramin gilashin Canon na 50mm giram 160 ne. Babban, na 24-70, ya kai giram 800, kuma in ana jawo hoto tsawonsa na canzawa, nauyi ya gusa. Yaro ya daidaita sanda da ƙarami wurin ɗaurin amre, da marece ya ɗaura babba, bai sake daidaitawa ba, ko Auto Tune ɗin da ke auna ma injin ƙarfinsa bai taɓa ba. Sai inji ya yi ta kokowa da nauyi, ya ɗau zafi, ya shanye batir. A watan Afrilu da Mayu, da zafinmu ke haura digiri 40, daidai lokacin fito da amarya zai saki kamara ta kife. Wani ma DJI RS 3 Mini gare shi, wadda kilo 2 ne iyakarta, amma ya jibga mata babban gilashi da fitila da makirfo.

Za su ce buki ba ya jiran kowa, ga makaɗa, ga gwaggonni na kira. Gaskiya ne. To daidaitawar minti nawa ce? In ba ka da minti biyar, zauna da gilashi guda tun safe har dare. Amarya dai ba za ta sake fita gidan ubanta don kai ba.

Mu ma masu buki da namu: da mun ga sanda sai mu miƙa kuɗi. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ce masa ya kashe injin, ya buɗe makullan sandar, ya saki kamarar a gabanka. In ta tsaya cak, ku yi ciniki. In ta sunkuya, nemi wani.